Taron Da Ba A Rufe Ba

Aling Salud, kamar a ce Inna Salud a maganar mutanenmu, ita ce ta rubuta ƙa'idojin zaman kwamiti da hannunta, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, kuma ba ta taɓa gajiya da tuna wa mutane hakan ba. Tsohuwar malamar firamare ce, irin waɗanda ko sun yi ritaya jan biro ba ya barin jakarsu. Da aka naɗa ta sakatariyar ƙungiyar masu gidaje ta rukuninmu, can bayan garin Calamba, sai ta mayar da manya masu furfura 'yan aji uku. Mai magana ya miƙe tsaye, ya faɗi lambar gidansa, minti uku ya nemi wuri ya zauna. Ba a yanke komai sai mutum tara cikin sha biyar na kwamiti sun hallara. Sai ƙa'ida ta shida, wadda ta fi ji da ita: duk wanda ya shigo zaure ana cikin taro, ɗan kwamiti ne ko baƙo, ba shi da izinin fita sai an rufe taron, ko kuma in an tafi hutu an kira sunansa daga takardar sa hannu.

Taran nan ita ce ta zama ƙarfen ƙafa. Mutanenmu za su yini suna ƙorafi kan karen maƙwabci da kwatar da ta toshe, amma a ce su zo zaure ranar Lahadi, sai ka ji kowa da ciwon baya ko bikin baftisma a can garin Batangas. Wata bakwai aka yi ba a samu cikon adadin ba. Shugaban kwamiti, Mang Takyo, kamar a ce Baba Takyo, tsohon ma'aikacin jirgin ruwa ne, gajere mai tumbi, yana da 'yar ƙararrawar tagulla da ya taho da ita daga jirgi, kuma ba abin da yake so a duniya kamar kaɗa ta. Wata bakwai ba a ji muryarta ba, har ramewa ya yi.

Ana haka tsoho Mang Poldo na layin ƙarshe ya rasu. Kowa ya san ba a dawowa daga makabarta a zarce gida. Sai an ɗan ratse wani wuri an zauna, an jiƙa maƙoshi, an kakkaɓe jiki, don mamaci ya ɓata hanya, kada ya biyo mutum har ɗaki. Da can shagon gidan mai na bakin titi ake tsayawa. Ranar sai Mang Takyo ya miƙe a cikin motar da ta kwaso masu jana'iza, ya ce me za a je a yi a shagon mutane, ga zaure da fanka, ga kofi da wainar shinkafa kyauta. Aka shiga, aka zazzauna. Ya ƙirga kawuna ya ga 'yan kwamiti goma sha uku, faɗuwa ta zo daidai da zama. Kafin kowa ya kai kofi baki ya kaɗa ƙararrawa ya ce an buɗe taro.

Wayon nasa bai tsaya nan ba. Taron ƙarshen shekara ne ya buɗe, wanda in an rufe shi dole a yi zaɓe cikin kwana talatin. Don haka bai rufe ba. Da aka gaji sai ya ce an tafi hutu, Aling Salud ta kira sunayen waɗanda suka sa hannu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya amsa ya kama gabansa. Da aka sake yin rasuwa aka sake ratsowa zaure, ya ce an dawo daga hutu. A haka aka ci shekara biyu da wata huɗu ana zama ɗaya, ba a yi zaɓe ba, ba kuma wanda ya damu, tunda dai an gyara kwata an fente ƙofar shiga.

Aling Salud ce ta fara lura da kujerun. Ita ke riƙe da makulli, kuma duk bayan zama sai ta tattara kujerun roban ta ɗora su kan juna a lungu kafin ta kulle. Washegarin jana'izar Mang Poldo ta zo shara da safe, ta tarar da kujera ɗaya an sauke ta, tana sahun baya, an jingina ta da bango kan ƙafa biyu. Ta mayar da ita. Washegari ta sake tarar da ita a wurin. Bayan jana'iza ta biyu kujerun suka zama biyu. Zauren kuma ya ɗauki wani ƙauri na kyandir da aka hure, wanda ko an buɗe tagogi duka ba ya fita.

Ta tare Mang Takyo wata safiya yana wanke motarsa.

"Shugaba, kujerun zaure wa yake sauke su?"

"Masu gadi mana. Karta suke bugawa a ciki."

"Makullin ga shi a wuyana."

"To ɓeraye ne."

"Ɓera ne zai kai kujera ƙarƙashin fanka ya karkata ta gefe ɗaya, yadda marigayiya Trining take zama saboda kunnenta na hagu? Ɓera ne yake jingina kujera kan ƙafa biyu irin na Poldo?"

Mang Takyo ya matse tsumma bai dube ta ba. "Malama, ki rage kofi."

"Mu muka kawo su, Takyo. Mun kakkaɓe su a cikin taro, ba su sa hannu ba, ba a kira sunansu ba. Suna nan zaune suna jira a sallame su. Ka rufe taron nan."

"In rufe, ke za ki nemo mini mutum tara? Ko jira za mu yi ta yi? Ai su ba inda za su je, ba sa jin yunwa, ba sa jin zafi. Ki bar su su huta, ga fanka."

Ta so ta ce masa mugu, sai ta tuna wanda ya rubuta ƙa'ida ta shida, ta haɗiye maganarta. Ta gwada abin da za ta iya. Wata safiya ta tsaya ita kaɗai a gaban tebur, ta kira sunayen mamatan ɗaya bayan ɗaya da muryar aji, ta ce kowa ya tafi. Ko gezau. Ita ba shugaba ba ce, sunayen kuma ba sa cikin takarda, ta fi kowa sanin haka. Ta fito tsigar jikinta a tashe, tana jin kamar iyayen yara sun zuba mata ido ta yi kuskure a allo.

Kujeru suka kai bakwai. Mutane kuma, kada a ce ba su sani ba, sun sani sarai. In an zo zama, ko zauren ya cika har wasu sun tsaya a jikin bango, ba mai zama a sahun baya. Ba dai mai faɗa ne, don wanda ya faɗa shi za a ce ya nemo mafita.

Mijinta, Mang Dencio, makanikin babur mai ƙafa uku ne, mutum mai sanyin hali wanda bai iya zama wuri ɗaya ba. Shekara arba'in da ɗaya suna tare, bai taɓa yi mata musu a kan komai ba sai taro. In ta ja shi dole, a bakin ƙofa yake ajiye kujerarsa, ƙafa ɗaya a waje. Yakan ce mata, "Salud, in na je lahira na tarar ana taron kwamiti, wallahi juyowa zan yi." Ita kuma ta ce ya yi mata shiru, bakinsa ya sari ɗanyen kashi.

Wata Talata da hantsi ya sunkuya zai ɗauki sifana, bai ɗago ba. 'Ya'yansu biyu suna Italiya, takardu ba su bar su sun zo ba, ta waya suka kalli akwatin ubansu. Kwana biyar aka yi ana zaman makoki a ƙofar gida. Aling Salud ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi barci ba. Abu ɗaya ne yake cin ta a rai, kada Dencio ya ƙare a zauren nan, mutumin da minti goma a kan kujera yake zame masa azaba, a zaunar da shi yana sauraron rigimar kashin kare har ranar da Allah ya nufa.

Tun daren jajibirin jana'iza ta roƙi ƙawarta Aling Bebang, mai sayar da gasasshiyar ayaba, ta gaya wa direba a tsaya a shagon gidan mai kamar da. Aling Bebang ta ce an gama. Amma ranar, bayan limamin coci ya gama addu'a an tura akwati cikin raminsa an shafe da siminti, sai duniyar ta yi wa Aling Salud nisa. Ba ta san sanda aka sa ta a mota ba, ba ta san hanyar da aka bi ba. Farkawa ta yi ta ji mata biyu sun riƙe ta hagu da dama suna hawa da ita matakalar zaure, an riga an jera kujeru, kofi yana tururi.

"Bebang, ba haka muka yi da ke ba."

"Na faɗa wa direban, ƙawata, na rantse. Shugaba ne ya zauna a gaba."

Ta waiga. Bakwai ɗin suna sahun baya yadda suka saba. A bakin ƙofa kuwa ga wata kujera ita kaɗai, an ɗan ja ta, ƙafarta ɗaya a kan dokin ƙofa. Masu shigowa suna kewaye ta, kowa yana kallon wani wajen.

Aka zaunar da ita a teburin gaba, wani ya turo mata littafin taro don sabo. Mang Takyo ya kaɗa ƙararrawa, ya yi ta'aziyya ta minti ɗaya, ya ce an dawo daga hutu, abu na gaba shi ne masu shanya kaya a kan katangar filin ƙwallo. Rana tana tsaka, kwanon rufin yana ƙara don zafi, amma bayan wuyanta sanyi yake yi.

Ta miƙe tsaye, baƙaƙen kayanta sun manne mata da gumi.

"Gida na goma sha huɗu, layin Kamias. Ina gabatar da buƙatar a rufe taron nan."

Mang Takyo ya yi murmushin da ake yi wa mara lafiya.

"Malama, yau ba ranar aiki ba ce a gare ki. Ki zauna, a ba ki ruwa. Hutu kike nufi, za a tafi hutu yanzu."

"Na san bambancin hutu da rufewa, ni na koya maka. Cewa na yi a rufe."

"To, ranki ya daɗe, tunda ƙa'ida kike so, sai an samu mai mara miki baya." Ya juya ga jama'a, ya buɗe hannuwa. "Akwai?"

Aling Salud ta dubi Aling Bebang. Aling Bebang ta sunkuyar da kai, ta yi magana ƙasa-ƙasa, amma shirun ya sa kowa ya ji.

"Salud, ki yi haƙuri. In aka rufe ina za su? Mu za su bi. Ni uwar mijina tana cikin bakwai ɗin can, da ƙyar na rabu da ita tana da rai."

Wani ya yi 'yar dariya ya haɗiye ta. Aling Salud ta bi fuskokin da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ga wanda ta koya wa karatu, ga wadda Dencio ya gyara wa babur sau nawa bai karɓi ko piso ɗaya na kuɗin aiki ba, ga ubangidan baftismar ɗanta. Kowa ya samu abin kallo a cikin kofinsa. Ranta ya ɓaci ƙwarai, amma ba ta ga laifinsu duka ba, don ita ma shekara biyu ta yi tana share ƙarƙashin kujerun nan ba ta ɗaga murya a gaban jama'a ba, sai yau da abin ya zo kanta.

Ƙa'ida ta ce shugaba ya tambaya sau uku. Mang Takyo ya tambaya na biyu, yana wasa da ƙararrawa. Ya buɗe baki zai yi na uku kenan fankar sama ta fara rage gudu, ba a ɗauke wuta ba, don fitilar kan hoton Budurwa Maryamu tana nan a kunne. Fankar ta juya, ta juya, ta tsaya. Ƙaurin kyandir ya cika wurin har yana ɗaci a maƙoshi.

Daga bakin ƙofa aka yi gyaran murya, irin ta mutumin da ba ya son a kalle shi.

"Gida na goma sha huɗu, layin Kamias. Na mara mata baya."

Ba wanda ya waiga. Wata mata ta fara karanta addu'a. Aling Salud ta dafa tebur da hannu biyu don kada ta faɗi. Muryar ba ta ba ta tsoro ba. Muryar da take ji kullum ce in ta ce wa Dencio ya raka ta kasuwa, ta gajiya da haƙuri, ta wanda zai yi abin don ita ce ta ce.

Fuskar Mang Takyo ta koma launin toka, amma mai son kujera ba ya rasa ta cewa.

"Ba... ba ya cikin masu gidaje. Wanda ya rasu ba shi da bakin magana a nan."

Ta jawo babban littafin sunaye, ta buɗe, ta juya shi ya fuskance shi, ta ɗora yatsa.

"Karanta. Ba a soke sunan mamaci sai ya cika kwana arba'in. Kai ka kawo wannan gyaran bara, don kada a ce mutanenka sun ragu. Yau kwanansa shida. Gidan da sunansa yake, ya faɗi lambarsa, bai kai minti uku ba. Me ya rage?"

"Malama, don Allah..."

"An gabatar, an mara baya. Buƙatar rufewa ba a muhawara a kanta. Ka tambaya ko akwai mai ja, sannan ka kaɗa abarka."

Ya tambaya. Wa zai ja? Waɗanda suka ƙi mara mata baya don tsoro, tsoron ne yanzu ya ɗinke musu baki. Ya ɗaga ƙararrawar da hannu biyu, ya ce an rufe taro, ya kaɗa sau ɗaya.

A sahun baya kujerar Mang Poldo ta sauko kan ƙafafunta huɗu, ƙwas. Sai na kusa da ita ta ja baya, sai ta gaba, ƙarar roba a kan siminti, har bakwai. Mutanen da suka yunƙura za su ruga waje suka tsaya cak, ba wanda ya ce musu komai suka dare gida biyu suka bar hanya a tsakiya. Ba a ga kowa ba. Labulen ƙofa dai ya ɗaga, ya daɗe a ɗage, sannan ya sauka a hankali. Fanka ta ci gaba da juyawa.

Aling Salud ta duba agogo, ta rubuta lokacin a littafi, biyu saura kwata, ta ja layi biyu a ƙasa da jan biro. Mang Takyo ya riƙo hannun rigarta.

"Yanzu ya za mu yi? Har gida za su bi mu!"

"Ka je shagon gidan mai ka sha lemo, kamar yadda iyayenka suke yi."

Haka kuwa aka yi. Duk zauren suka ɗunguma bakin titi, har da masu ciwon baya, suna sauri suna kakkaɓe riguna. Aling Bebang ta ja ta, ta ce su tafi tare, Aling Salud ta zame hannunta. Ita ba inda za ta ratse. Ta kulle zauren, ta rataya makulli, ta kama hanyar gida ita kaɗai cikin ranar nan mai narka kwalta.

Layin ba kowa, ko karnuka sun shige ƙarƙashin motoci. Ta wuce gida uku sannan ta ji shi a bayanta, taf, taf, ana jan ƙafar dama kaɗan. Ba a binne mamaci da takalmi, don kada a riƙa jin takunsa, kowa ya san wannan. Ita kuwa da asuba, kafin a rufe akwati, ta faki idon mutane ta zura masa tsofaffin silifas ɗinsa na garejin. Matar da ta yi rayuwarta tana tsare ƙa'ida, wannan ɗaya ta karya, kuma da gangan.

Ba ta waiga ba. Ta rage sauri don ya cim mata, takun ma ya rage. Rabi tsoro rabi murna, har ta fara lissafin abin da ya rage a tukunya. Gidan ya yi mata girma kwana shidan nan, ba ta ƙi a ce ko takun ne kaɗai ya zauna da ita ba.

Ta isa ƙofar gida na goma sha huɗu, ta zare sakata, ta buɗe ƙyauren ƙarfen gabaɗaya, ta matsa gefe. Takun ya zo daidai ita ya tsaya. Ta ji warin man inji da sabulun wanki, kusa ƙwarai.

"Shigo mana, Dencio," ta ce. "Akwai sauran shinkafa."

Sannan takun ya ɗaga, ya wuce ƙofar, ya miƙe layin bai yi sauri ba, ya karya kwana wajen babbar ƙofar fita, har ta daina jin sa.

Ita ta nemi a sallame shi, an kuwa sallame shi. Ta tsaya riƙe da ƙyauren har zafin ƙarfen ya fara cin tafin hannunta, sannan kukan da ya ƙi zuwa a makabarta ya zo mata, ta durƙusa a nan bakin ƙofa ta yi shi, ba mai rarrashi.